Uwar aladen da aka ce bata jin kukan 'ya'yanta

Wajen ƙarfe shida na safe wata mai kiwon aladu da nake ce wa Mama ta kira ni, cikin watan Janairu ne lokacin hunturu ya kankama a Kaduna har mutum baya son taɓa ruwa, ko gaisuwa bamu gama ba tace "Likita, uwar aladen nan ta sake danne wani ɗan nata, na uku kenan, kazo ka gani da idonka kafin in kaita Kafanchan." Ni malamin dabbobi ne, amma likita mutanen unguwa ke kirana, kuma aikina ya haɗa da awaki da kaji da shanu da karnuka, in ka gangara kudancin gari wajen Sabon Tasha, Ungwan Romi, Gonin Gora zuwa Maraban Rido toh dole ka haɗu da aladu. Nasan akwai masu karatu da ko sunan dabbar basa son ji, ban zo da maganar ci ba, magana ce ta uwa da ɗanta da kuma jarin wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya barta da yara huɗu, da kuɗin aladun nan take biyan kuɗin makaranta.

Gidan yana can bayan Maraban Rido. Ɗakunan aladu uku ne a jere na bulo da rufin kwano, ƙasa siminti. Iyaye biyu ne suka haihu kwana biyu tsakani, kuma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, tare aka haife su. Ɗaya fara ce sol, ita ta haifi 11, ɗayar mai baƙin tabo a gadon baya ta haifi 9. Farar ce ake ƙara. Daren da ta haihu ta kwanta kan ɗaya, washegari da rana wani, sai na ukun da asubahin ranar da aka kira ni. Mai tabon kuwa har lokacin ko ɗaya bata rasa ba. Mama ta riga ta yanke hukunci, tace muguwa ce ko kuma kurma, ɗa yana ihu a ƙarƙashinta ko gezau, ranar Alhamis zata sa a ɗauke ta zuwa kasuwar aladu ta Katsit dake Kafanchan inda 'yan kudu ke zuwa da motoci suna saye, 'ya'yan kuma ta raine su da hannu.

Nace Mama kiyi haƙuri ki bani safiyar nan kawai.

Abu na farko da nayi bayan na wanke takalmina da ruwan magani a bakin ƙofa, na shiga ɗakin mai tabo na kama ɗa ɗaya ta ƙafar baya na ɗaga. Duk wanda ya taɓa riƙe ɗan alade yasan wannan ƙarar, wata irin kururuwa ce mai tsini da ke shiga har cikin haƙori, an auna ta tana wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara. Kafin ya gama ihun farko uwar ta miƙe tsaye, tayi wani gajeren haushi kamar na kare, baki na kumfa tana taunar iska, ta nufo ni, ba shiri na ajiye shi na haura katanga. Tazo ta sa masa hanci ta shinshina daga kai har wutsiya tana gurnani ƙasa ƙasa, sannan ta juya ta bi sauran da hanci ɗaya bayan ɗaya.

Sai na shiga ɗakin farar nayi daidai abin da nayi can. A nan ne na ga abin da ya sa nake rubuta wannan. Ɗan yana fara ihu kunnenta ya motsa, ta ɗago kai ta kalli inda nake, tayi gurnani mai ƙarfi sau biyu, ta tattaro ƙafafun gaba ta dogara zata tashi, ƙafar baya ta hagu ta zame kan simintin da ya jiƙe da fitsari da ruwan sha, ta sake yunƙurawa ta sake zamewa, sai ta saki jiki ta koma ta kwanta tana haki, amma idonta na kaina kuma bata daina gurnanin ba har na ajiye shi. Nace Mama kin gani? Wannan ba kurma bace, taji sarai, ta amsa ma, tashin ne ya gagara. Mama tayi shiru tana kallo sannan tace "Toh ɗana me ya same ta?"

Na sa mata ma'aunin zafi, ya haura 40, alhali lafiyayyar uwa bata cika wuce 39 da ɗan ɗoriya ba. Gabana ya ɗan faɗi saboda duk mai harka da aladu in yaga zazzaɓi tunaninsa na farko zazzaɓin aladu na Afirka ne, wanda ya ɓarke a ƙasar nan a 1997 kuma har yau bashi da magani, amma sauran aladun garau suke suna cin dusarsu, ita ma babu jan kunne ko tabon jini a fata. Da na shafa hantsarta nonuwa biyu na baya sun yi tauri da zafi, ga ɗan ruwa mai wari yana fita ta baya, irin ciwon nan ne da ke kama su kwana biyu uku bayan haihuwa, hantsa ta kumbura mahaifa ta kamu nono ya ragu. Ga kuma kofaton ƙafar hagun ya tsage har ya fara ɗurar ruwa. Dabbar da ta kai kilo 150 ko fiye, da zazzaɓi, da ciwon ƙafa, kan siminti mai santsi, in zata kwanta ba zata iya sauka a hankali ba sai dai ta faɗi rim, in ta faɗi kuma tashi aiki ne. Ɗan da ke ƙarƙashinta kilo ɗaya ne da 'yan kai.

Muna tsaye muna wannan sai maƙwabci ya tada injin niƙa. Ashe bangon ɗakin farar shine bangon shagon niƙan, kwanon rufin har rawa yake, sai da muka riƙa ɗaga murya ni da Mama kafin muji juna. Na tambayi babban ɗanta, wani saurayi ɗan sakandare da shi ke share ɗakunan, nace yaushe ake tada injin nan? Yace tun asuba saboda masu ƙosai da koko, in ba nepa kuma janareta ake haɗawa har dare. Na ukun da aka danne daidai lokacin niƙan asuba ne.

Bari in tsaya nan inyi bayanin kukan kansa, don yawancin masu kiwo suna ɗauka ihun ɗan alade duk ɗaya ne, hayaniya ce kawai. Ba haka bane. In ɗa ya ɓace wa uwarsa da ƙaramin gurnani yake farawa baki a rufe, in ba a amsa ba ya ƙara sauri, sannan ya koma tsuwa mai tsawo, in an matse shi ko an danne shi kuma kururuwa ce kai tsaye. A Kanada a 1995 da 1996 wasu masu bincike, Daniel Weary da David Fraser da abokan aikinsu, sun zauna sun bi wannan abu daki daki. Suka riƙa ware ɗa shi kaɗai suna naɗar kukansa, suka ga wanda ya fi ƙanƙanta baya girma da sauri, da wanda aka hana shi shan nono zagaye ɗaya, da wanda aka ajiye a wuri mai sanyi, sun fi yawan kuka, kukansu ya fi tsini ya fi tsawo, akan ƙosasshen da ya sha ya ƙoshi yana wuri mai ɗumi. Daga nan suka sa wa iyayen muryoyin ta lasifika, sai iyayen suka fi tada hankali da kukan mabuƙacin, suka fi amsawa da gurnani, suka fi matsowa kusa da lasifikar suna nema. Wato ɗan baya yi wa uwar ƙarya, gwargwadon wahalarsa gwargwadon kukansa, ita kuma tana iya banbancewa. Wallahi ranar da na fara sanin wannan sai da na sake kallon dabbar nan da wani ido, domin uwar alade bata lasar ɗanta kamar saniya ko akuya, bata ɗaukarsa a baki ta canja masa wuri kamar kyanwa, kusan duk abin da ke tsakaninsu murya ce da hanci.

Shan nonon ma da murya ake yinsa. Kusan duk bayan minti 45 zuwa awa ɗaya uwar zata kwanta ta gefe ta fara gurnani a jere, 'ya'yan su taho kowa ya kama nononsa, don cikin kwanakin farko kowane ɗa yake zaɓar nasa kuma baya canjawa, suyi ta tunkuɗar hantsa da hanci, can sai gurnanin ya ƙara sauri, wannan shine alamar nono na tafe, sai kaga duk sun nutsu kunnuwa sun kwanta baya suna zuƙa. Zubar nonon kanta daƙiƙa 10 zuwa 20 ce kacal, wanda ya makara sai wani zagayen. A Suwidin cikin shekarun 1980 Bo Algers da Per Jensen sun gwada sa ƙarar fanka mai ƙarfi ba tsayawa a ɗakin masu shayarwa, suka ga 'ya'yan sun daina bin alamar gurnanin uwar yadda ya kamata, tsarin shan ya rikice. Fanka kenan, ina ga injin niƙa da ke jikin bango.

Sai sanyi. Ɗan alade ana haifarsa kusan tsirara, ba gashin kirki ba kitse, yana son ɗumi sama da digiri 30 a kwanakin farko, uwar kuma ta fi sakewa wajen digiri 18 zuwa 20, kunga buƙatarsu ta saɓa. A ɗakin Mama ba wani wurin ɗumi sai jikin uwar, ga ta da zazzaɓi jikinta kamar murhu, iskar hunturu na shigowa ta saman katanga, dole duk su cusa kansu ƙarƙashin cikinta da tsakanin ƙafafunta. Kuma da na duba gawar na ukun da Mama ta ajiye min cikin buhu, na tambayi girman biyun farko, duk ƙananan cikinsu ne, cikinsa a shafe ba nono. Wannan ma mutanen Kanadan sun lura da shi, ɗan da baya samun nono isasshe shi yake daɗewa a gindin hantsa yana tunkuɗa bayan 'yan uwansa sun tafi sun kwanta, yunwa ce ke ajiye shi a wurin da ya fi ko'ina haɗari. Sun kuma ga cewa ɗan da aka danne ƙasa da minti ɗaya galibi yana tashi, wanda ya wuce minti huɗu a ƙasa yawanci shikenan. 'Yan mintocin nan sune duk abin da kukan ke saya masa, in uwar taji kuma ta iya tashi.

Ranar bamu zauna ba. Nayi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta da ta sauke zazzaɓi da kumburi, na wanke kofaton na sa magani, muka gasa hantsar da tsumma da ruwan ɗumi. Muka fitar da matasan aladun da ke ɗakin ƙarshe, wanda ya fi nisa da injin, aka wanke aka bari ya bushe aka zuba garin katako da kauri, muka lallaɓa da ita a hankali muka kaita da 'ya'yanta takwas. Na sa aka kira mai walda ya kafa bututun ƙarfe a jikin bango zagaye, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa taƙi ɗaya daga bango, saboda alade tana son jingina da bango ta sulale in zata kwanta, in akwai ƙarfen ɗa yana samun wurin tsira a bayansa. A kusurwa muka kifa wani tsohon akwatin katako muka yanke masa ƙofa daidai shigar ɗa, ciki buhu da busasshiyar ciyawa, da ƙwan fitila a sama, in ba wuta kuma jarka ce ake cika da ruwan zafi a naɗe da buhu. Mama taso ta sa gawayi a kasko nace a'a, ciyawa da garin katako da wuta basa zama ɗaki ɗaya, ga hayaƙi. Kwanon ruwan shan ma muka mayar can ƙarshen gangare don kada ya riƙa jiƙa makwanci. Na ce da yaron in an gama shan nono ya riƙa kwashe su yana sawa cikin akwatin har su saba, sannan sau biyu uku a rana ya kulle manyan guda huɗu na ɗan lokaci ƙananan su sha su kaɗai.

Mama ta tambaye ni ko a ɗauki ƙananan biyu a ba mai tabo tunda tana da nono. Nace lokacin ya ɗan wuce, wannan dabarar ta fi ci a kwana ɗaya biyun farko kafin uwa ta gama haddace warin nata kuma kafin kowa ya riƙe nononsa, ga mai tabon da zafin rai ina tsoron ta cije su. A nan nayi kuskure, kuma har yanzu yana damuna. Akwai wani ɗan tsurut a cikinsu, shi ya samu nonon ƙarshe na baya wanda ya kumbura, da na cire shi gaba ɗaya an riƙa bashi madara da hannu, ko na gwada shafa masa shimfiɗar mai tabo na kai shi ina tsaye ina kallo, ƙila da ya rayu. Dare na biyu bayan mun canja ɗaki, yaron yana kwance kan benci a bakin ƙofa da tocila saboda haka nace yayi, ba inji ba janareta, gari tsit, yace shi dai baiji komai ba, da asuba ya haska yaga ƙafafun baya sun leƙo daga ƙarƙashin kafaɗarta. Kansa da ƙirjinsa ne suka shige ƙasa, kuma ɗan da aka danne wa ƙirji bashi da iskar da zaiyi ihu, balle wanda yunwa ta riga ta cinye. Uwar tana barcinta bata san an yi ba. Yaron ya kira ni muryarsa na rawa yana cewa "Yallaɓai wallahi banyi barci mai nauyi ba," nace na sani ƙanena, ba laifinka bane.

Daga wannan bata sake danne ko ɗaya ba. Kwana uku zazzaɓin ya sauka ta koma cin dusa, hantsar ta saki, ƙafar ta fara takawa.

Da ta warke sosai, wajen kwana goma da haihuwa, na so in san ainihin halinta ba tare da ciwo ya shiga tsakani ba. Dama na naɗi kururuwar wani ɗa a wayata ranar da nake musu allurar ƙarin jini. Na jira kowace ta gama shayarwa ta kwanta 'ya'yan suna cikin akwati, na zagaya ta bayan katanga na kunna daidai bayanta. Mai tabo kafin in cire yatsa daga wayar ta miƙe tana haushi tana zagaye ɗakin. Farar ta ɗago kai nan take, tayi gurnani, ta kalli akwatin, ta ɗan jima sannan ta tashi zaune kamar kare, sai da ƙarar ta ci gaba ta miƙe ta je ta cusa hanci a ƙofar akwatin. Ta amsa, amma akwai tazara tsakaninta da 'yar uwarta, kuma wannan karon ba ciwo ba santsi ba inji. Toh gaskiyar Mama tana da nata kason, iyaye sun bambanta tun daga halitta ko da cikinsu ɗaya. A Suwizalan a 1997 Wechsler da Hegglin sun gwada irin wannan na sa wa iyaye kukan ɗan da aka danne, suka samu waɗanda suka fi saurin amsawa sun fi ƙarancin danne 'ya'ya. Sai dai ban yarda mutum ya dogara da gwajin waya shi kaɗai ya sayar da dabba ba, domin ihu daga bayan katanga daban yake da ɗa mai motsi a ƙarƙashin haƙarƙari, kuma in ka cika maimaitawa suna gane ba komai su daina kulawa, sau ɗaya ko biyu ya isa. Saurin ma yana da nasa illar, mai tabon nan garin zabura ta taka ƙafar ɗanta ɗaya ranar da wani kare ya leƙo, har aka yaye shi yana ɗingishi.

An yaye su wajen sati shida, farar da bakwai cikin 11, mai tabo da tara ɗinta cif. Mama bata kai ta Katsit ba. Abin da muka tsayar shine duk macen da za'a bari don haihuwa nan gaba daga 'ya'yan mai tabo za'a zaɓa, farar kuma a bata dama ɗaya a gani.

Cikin alade wata uku ne da sati uku da kwana uku, kwana 114 kenan, don haka muka ƙirga tun ranar da aka kaita wurin namiji, haihuwar ta faɗo farkon Yuli ana tsakiyar damina. Wannan karon sati ɗaya kafin lokaci aka maida ita ɗakin ƙarshe, kuma na ce a zuba mata busasshiyar ciyawa dami guda, saboda uwar alade in naƙuda ta kusa, kamar kwana ɗaya ko ƙasa da haka, tana son ta haɗa makwanci da bakinta kamar yadda 'yan uwanta na daji ke yi, a haihuwar Janairu kan siminti tsura tayi ta kartar ƙasa da ƙafa har ta gaji, ina zargin ma nan kofaton ya tsage. Ta haifi goma, ɗaya ya zo a mace, kowa ya samu dakashi a ranar farko. Na je dubata rana ta uku da yamma ana yayyafi, Mama ta kawo min kujera na zauna bakin ƙofa. Ta gama cin abinci ta taho wurin kwanciya, 'ya'yan na yawo tsakanin ƙafafunta, ta sa hanci ta ture su gefe ɗaya tana gurnani, ta zagaya sau ɗaya, ta durƙusa kan gwiwoyin gaba ta tsaya haka, sannan ta fara sauke bayanta a hankali tana jingina da ƙarfen. Wani ɗan baƙi ya kutsa ta bayanta daidai lokacin, cinyarta ta taɓa shi ya tsala ihu ɗaya, ta ɗage ƙugu sama ta tsaya cak har ya fice ta ƙarƙashin bututun ya zagayo gaba, sannan ta ƙarasa kwanciya.